Tsakanin Akurki da Kasko: Abin da Ke Lalata Ƙwan Kajin Gida

Akwai wata ɗabi'a da na sha gani a gidajen da ake kiwon kaji, kuma ba na shakkar cewa da kyakkyawar niyya ake yin ta. Uwargida za ta leƙa akurki da la'asar ta tsinto ƙwai biyar ko shida, ta ga ɗaya ya ɓaci da kashin kaza, wani kuma gashi da ƙasa sun manne masa, sai ta kamfato ruwa daga randa, ta zuba su duka a roba ta cuɗe da soso har su yi fes, sannan ta jera su a kwano ta ajiye a madafa, kusa da inda ake hura wuta. A ganinta ta tsaftace abincin iyalinta. Bayan kwana goma, ranar da aka tashi soya wa baƙi, sai a fasa a tarar biyu sun zama baragurbi, wari ya cika gida, a ce ai zafin bana ne, ko kuma kazar ce ba ta da kirki. Zafi yana da nasa kason laifin, amma wankin nan da ruwan randa shi ne ya fara buɗe wa ɓarna ƙofa.

Batun ya ƙara rikicewa yanzu da kowa yake neman shawara a waya. Mutum zai karanta cewa ƙwan kantunan Amurka wankakke ne, kuma ba a ajiye shi ko'ina sai a firji, ya sake dubawa ya ga a Ingila da Faransa doka ta hana wanke ƙwan da za a kai kanti, kuma a fili ake jera shi kamar burodi. Dukkansu ƙasashe ne masu tsananin sa ido a kan abinci, to wanne za a bi? Ba za a iya warware wannan ba sai an san yadda ƙwai yake a halittarsa, sannan a dubi yanayin da mai kaji goma a bayan ɗaki yake ciki a Gusau ko Maraɗi, wanda ya sha bamban da na waɗancan ƙasashe ta fuskar zafi, da wutar lantarki, da kuma kasancewar zakara a cikin garke.

Kaza tana ɗaukar awa 24 zuwa 26 kafin ta haɗa ƙwai ɗaya, kuma kusan awa 20 daga ciki wajen gina ɓawo suke tafiya. Ɓawon nan da ido yake ganinsa a toshe, cike yake da ƙananan ƙofofi, daga 7,000 zuwa 17,000, mafi yawansu a ɓangaren da ya fi faɗi, kuma amfaninsu shi ne ɗan tsako ya samu iskar shaƙa idan ƙwan na ƙyanƙyasa ne. To amma ƙofar da iska take bi, ƙwayar cuta ma za ta iya bi. Saboda haka, daf da fitowar ƙwai, jikin kaza yakan shafa masa wani siririn ruwa mai yauƙi. Duk wanda ya taɓa ɗaukar ƙwai nan take bayan kaza ta tashi tana kyarkyara ya san yana zuwa da ɗumi da ɗan danshi, kuma kafin a ce me ya bushe. Wannan shafe, wanda zan riƙa kira rigar ƙwai, shi ne yake toshe bakin ƙofofin, ya rage fitar ruwa daga ciki, ya kuma tare ƙazanta daga waje.

Bayan rigar da ɓawon akwai tantani guda biyu, irin wanda ake gani yana manne da dafaffen ƙwai idan ana ɓarewa. Bayan su kuma sai farin ruwan ƙwai, wanda mutane suke ɗauka abinci ne kawai alhali shi ma katanga ne. Yana ɗauke da wani sinadari mai suna laisozayim, wanda Alexander Fleming, mutumin da ya gano fenisilin, ya bayyana a 1922, kuma aikinsa shi ne farke bangon wasu ƙwayoyin cuta. Akwai kuma wani sinadarin da yake damƙe ƙarfen da ƙwayoyin cuta suke buƙata don su hayayyafa, ya bar su da yunwa. Abin da suke nema yana can tsakiya, wato gwaiduwa, kuma wasu fararen igiyoyi guda biyu ne suke riƙe ta daram a tsakiyar don kada ta matso kusa da ɓawo. Idan aka lura da yadda kazar gida take yi, hikimar za ta fito fili. Takan yi kusan mako biyu tana tara ƙwai goma ko goma sha biyu kafin ta hau kwanci, sannan ta yi kwana 21 a kansu, ma'ana ƙwan farko sai ya jure mako biyar a ƙasa, babu wanki babu firji, kuma duk da haka ya fitar da ɗan tsako lafiyayye.

Sai dai wannan kariya tana da iyaka, kuma tun daga ranar farko take fara raguwa. Ƙwai yana fitowa da zafin jikin kaza, kimanin digiri 41 a ma'aunin Salshiyas, idan ya huce abin da ke cikinsa yakan ɗan tsuke, sai wani gurbin iska ya buɗe tsakanin tantani biyun nan a ɓangaren mai faɗi. Kullum ruwa da iskar kabon suna sulalewa ta ƙofofin ɓawo, gurbin iskar yana ƙara girma, farin ruwan yana tsinkewa, igiyoyin suna saki, gwaiduwa tana shan ruwa har fatarta ta yi rauni. Shi ya sa sabon ƙwai idan aka fasa shi a faranti gwaiduwarsa take tsayawa cur, farin ya taru a gefenta da kauri, tsoho kuwa sai ya malale, gwaiduwar ta baje ko ta fashe tun kafin ta taɓa kasko. Shi ne kuma dalilin da ya sa ake jera ƙwai tsininsa na kallon ƙasa, domin gurbin iskar ya zauna a sama, gwaiduwa ta daɗe a tsakiya. Zafi yana gaggauta duk wannan tsufa ƙwarai, har masu harkar sukan ce abin da ƙwai zai tsufa cikin yini ɗaya a ɗaki ya kai na kusan mako guda a firji.

Yanzu sai mu koma kan robar uwargida. Soso da ruwa sun cire rigar ƙwai, ƙofofin sun buɗe. Ruwan randa kuma ya fi ƙwan sanyi, don haka abin da ke cikin ɓawo ya tsuke ya zuƙo ruwan ciki, kamar yadda sirinji yake zuƙar magani. Ruwan kuwa ba tsarkakakke ba ne, domin kashin da ke jikin ƙwai ɗaya ya riga ya narke a cikinsa, ya game sauran biyar ɗin da tun farko ba su da komai. Ƙazantar da take zaune a busasshe a waje, inda ba ta da ƙarfin yin ɓarna sosai, an jiƙa ta an kuma raka ta har ciki. Daga nan sai aka ɗora kwanon a wuri mafi zafi a gidan. Ƙwayoyin da suka shiga su ne suke mai da cikin ƙwai kore ko baƙi, su fitar da warin nan da kowa ya sani.

Amurkawa sun san wannan haɗari, kuma hanyarsu ta kauce masa ita ce su yi wankin bisa ƙa'ida mai tsauri. A manyan gonakinsu inji ne yake wankewa, ruwan ba ya gaza digiri 32, kuma dole ya fi ƙwan ɗumi da aƙalla digiri 11, domin abin da ke ciki ya kumbura ya turo waje maimakon ya zuƙo. Ana fesa maganin kashe ƙwayoyin cuta, a busar nan take, sannan a shigar da shi sanyin da bai wuce digiri 7 ba, kuma ba ya fita daga wannan sanyi a mota ko a kanti har ya isa firjin mai saye. Tun da sun tuɓe masa rigarsa, sanyi ne ya zama rigar. Wata doka da hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta fitar a 2009 ta wajabta wa gonaki masu kaji 3,000 zuwa sama su sanyaya ƙwai cikin awa 36 da yin sa. Duk da haka a 2010 sai da aka janye ƙwai sama da miliyan 500 daga kasuwa, waɗanda suka fito daga wasu gonaki biyu a jihar Ayowa, bayan ɗaruruwan mutane sun kamu da cutar Salmonela, wata ƙwayar cuta mai haddasa gudawa da zazzaɓi. Abin da ya faru ya nuna cewa wanki ba ya kaiwa ga kowace matsala, domin akwai nau'in Salmonela da yake zama a mahaifar kaza ya shiga ƙwai tun kafin a gina masa ɓawo.

Ƙasashen Turai sun bi ta ɗaya hanyar. Dokar Tarayyar Turai ta hana wanke ƙwai mai daraja ta ɗaya, wato wanda ake kaiwa kanti, ta kuma hana sanyaya shi ƙasa da digiri 5 kafin a sayar, saboda ƙwan da ya yi sanyi idan ya fito iska mai ɗumi yakan yi gumi, gumin kuma ruwa ne da zai jiƙa rigar ya bai wa ƙwayoyin cuta hanya. Wa'adin da ake bugawa a kwali ba ya wuce kwana 28 daga ranar da kaza ta yi shi. Tunaninsu shi ne idan an hana manomi wanki, dole ya tsaftace gidan kajinsa, tun da ba shi da yadda zai ɓoye ƙazanta. Birtaniya ta koyi nata darasin da wahala. A watan Disamba na 1988 wata ƙaramar ministar lafiya, Edwina Currie, ta ce yawancin ƙwan da ake samarwa a ƙasar yana da Salmonela, kasuwar ƙwai ta faɗi warwas, ita kuma ta sauka daga muƙaminta cikin mako biyu. A 1998 aka kawo tsarin hatimin zaki, wanda ba a buga shi sai a kan ƙwan kajin da aka yi wa rigakafin cutar. Wato su a jikin kazar suka sa ƙarfinsu.

Idan aka dubi kasuwanninmu, za a ga mun fi kusa da tsarin Turai, domin kiret ɗin ƙwai 30 da ake jibgewa a shago ko a teburin mai shayi ba wankakke ba ne kuma ba a firji yake ba. Amma mun ɗauki rabin tsarin ne kawai. Babu kwanan wata a jikin ƙwanmu, kuma ba mu da sanyin ɗakin Bature, wanda yawanci bai wuce digiri 20 ba. A watan Afrilu a Sakkwato, ko Maiduguri, ko Damagaram, zafi yana haura digiri 40 a inuwa, ɗaki mai rufin kwano kuwa sai abin da ya ƙaru. Lissafin mako uku ko huɗu da ake karantawa a rubuce-rubucen waje ba namu ba ne a irin wannan lokaci, kuma wanda ya dogara da shi zai yi asara.

A nan ne zakara ya shigo maganar, kuma a ganina shi ne abin da aka fi mantawa da shi. Kajin gidan gona ba su da zakara, domin kaza ba ta buƙatarsa kafin ta yi ƙwai, don haka ƙwansu babu ɗa a ciki. Kajin gida kuwa kusan kullum tare suke da zakara, kuma ko an raba su, kaza tana iya ci gaba da yin ƙwai mai ɗa har mako biyu ko fiye. Cin irin wannan ƙwai ba shi da wata illa, kuma ba ya bambanta da ɗayan wajen amfani a jiki, matuƙar an ɗauke shi da wuri an ajiye a wuri mai sanyi, domin ɗigon da zai zama ɗan tsako yana nan a kwance ba ya motsi. Amma da zarar zafi ya haura wajen digiri 27 sai ya fara girma, kuma zafin da kaza take bayarwa a kwanci bai wuce digiri 37 da rabi ba. Ke nan a bazara ɗakin ajiyarmu da kansa ya zama kaza mai kwanci. Cikin kwana uku jijiyoyin jini sun fara bayyana, sai kuma tayin ya mutu saboda zafin ba daidai yake ba dare da rana, ya bar zoben jini a jikin gwaiduwa, daga nan ruɓa ta biyo baya. Wannan dabam yake da ɗan ɗigon jini da akan gani a sabon ƙwai, wanda wata 'yar jijiya ce ta tsinke a jikin kaza lokacin da gwaiduwa take fitowa, kuma ba alamar lalacewa ba ce.

Bazara tana da wani sharrin kuma. Kaza ba ta gumi, haki take yi don ta rage zafi, hakin nan yana fitar da iskar kabon da yawa daga jininta, ita kuwa iskar tana cikin abin da ake gina ɓawo da shi. Ga shi kuma cin abincinta ya ragu. Sai ɓawo ya yi siriri ya riƙa tsagewa, wani tsagin ma ido ba ya ganinsa. Inuwa, da ruwan sha mai sanyi, da ƙarin garin ƙashi ko na farar ƙasa irin na abincin kaji suna rage wannan matsala, domin kowane ɓawo yana cinye kimanin giram 2 na kalsiyam daga jikin kaza. Damina kuma tata matsalar laka ce da danshi: kaza ta shigo da ƙafa dumu-dumu ta taka ƙwai, shimfiɗa ta jiƙe, fumfuna ta kama ɓawo. Hunturu ne lokacin da ƙwai ya fi daɗewa, sai dai busasshiyar iska tana tsotse ruwansa da sauri.

Daga duk wannan, abin da na fahimta shi ne yawancin aikin a akurki yake, tun kafin a zo maganar wanki ko firji. Ƙwan da aka haifa a wuri mai tsafta ba ya buƙatar wanki. A tanadar wa kaji gurbin ƙwai a lungu mai duhu da inuwa, gurbi ɗaya ga kaji huɗu ko biyar, ko da tsohuwar tukunya ce ko kwando, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi ko buntun shinkafa, a riƙa canzawa da zarar ta ɓaci, kuma kada a bar kaji su riƙa kwana a ciki, domin da dare suka fi yin kashi. Yawancin kaji da hantsi suke yin ƙwai, don haka a kwashe kafin azahar, a sake dubawa da yamma, a bazara ma har sau uku bai yi yawa ba. Ƙwan da ya yini a gurbi yana shan ɗumin duk kazar da ta zo ta zauna a kansa, ga ɓera da maciji, ga kuma haɗarin ya fashe kaji su ɗanɗana su koyi shan ƙwai. Ɓera musamman abin yaƙa ne, domin yana cikin masu yaɗa Salmonela a abincin kaji. Masu barin ƙwai ɗaya a gurbi don kada kaza ta sauya wuri, su yi masa alama da gawayi, don kada wata rana a haɗa shi da sababbi.

Na taɓa zama da wata dattijuwa da ta daɗe tana kiwon kaji, na ga tana da guntun fensir a rataye a bakin akurki. Kowane ƙwai ta ɗauka sai ta yi masa ɗan zane kafin ta sa a kwando, na Asabar da irin nasa, na Lahadi da irin nasa. Da na tambaye ta sai ta ce, "Ɗana, ƙwai ba ya faɗin shekarunsa, in ban rubuta ba wa zan tambaya?" Abin da Tarayyar Turai take yi da injin buga hatimi shi take yi da fensir, kuma amfaninsa ɗaya ne, wato a fara cin wanda ya riga zuwa. Fensir ya fi biro ko maka dacewa, tun da ba shi da ruwan da zai ratsa ɓawo.

Wanda ya ɗan ɓaci, a goge shi a bushe, da tsumma mai ɗan kaushi ko busasshen soso, a wurin da ya ɓaci kawai. Wanda ya ɓaci sosai, ba laifi a wanke shi, amma a lokacin da za a yi amfani da shi, da ruwa mai ɗumi wanda ya fi ƙwan zafi, ana zubawa yana gangarewa, kada a tsoma shi ya jiƙa, sannan a dafa shi a ranar. Wanda ya tsage amma tantaninsa bai fashe ba, shi ma a ranar za a dafa shi sosai, wanda kuwa yake yoyo ko aka tsince shi a wani lungu ba a san kwanansa ba, a haƙura da shi. Bayan an taɓa ƙwai ko an fito daga akurki a wanke hannu da sabulu, musamman yara, waɗanda galibi su ake aika ɗauko ƙwai kuma su ne cutar gudawa ta fi kayarwa.

Game da firji, babu musu cewa sanyi mai ɗorewa ya fi komai tsawaita kwanan ƙwai, yana kai shi mako huɗu zuwa biyar da kyawunsa, kuma yana hana Salmonela yaɗuwa idan tana ciki. Kalmar da za a riƙe ita ce ɗorewa. Firjin da ake kawo masa wuta awa huɗu a ɗauke awa goma, ƙwan da ke cikinsa yana sanyi yana hucewa, yana gumi yana bushewa, kuma kowane gumi wanki ne da ruwan sanyi a fakaice. Wanda yake da sola ko wata tsayayyiyar wuta ya sa ƙwansa a firji, a can ciki ba a jikin ƙofa ba, cikin kwali ko roba mai murfi, kuma in ya shiga kada ya fito sai za a dafa. Wanda wutarsa ba ta da tabbas, gara ya bar ƙwai da rigarsa a wuri mafi sanyi a gidan, ya kuma rage kwanakin ajiya. A nawa lissafin, mako ɗaya a bazara, kwana goma a damina, mako biyu a hunturu, iyaka ce mai kyau ga ƙwan da ke da ɗa.

Wuri mafi sanyi a gidan Bahaushe sananne ne, shi ne gindin randa, a ɗakin ƙasa in akwai, nesa da murhu da hasken rana. Akwai kuma dabarar tukunya cikin tukunya, wadda Mohammed Bah Abba, wani malami a jihar Jigawa, ya yaɗa a ƙauyuka har ta kai shi ga samun lambar yabo ta Rolex a 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cike tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ruwan yana bin iska yana tafiya da zafi. An fi saninta da ajiyar tumatir da gauta da alayyafo, amma tana yi wa ƙwai amfani da sharaɗi ɗaya, wato cikin ƙaramar tukunyar ya kasance a bushe, a jera ƙwan a kan guntun kiret ko ƙaiƙayi, kuma jiƙaƙƙen tsumman da ake rufawa kada ya ɗiga a kansa. Ta fi aiki a bazara da hunturu lokacin da iska take a bushe, bazarar kuwa ita ce lokacin da aka fi buƙatarta. Wasu sukan shafa wa tsaftataccen ƙwai ɗan man girki a ranar da aka yi shi don su ƙara toshe ƙofofin, kuma hakan yana rage tsufansa. A ko'ina aka ajiye, a nisanta shi da kananzir, da albasa, da daddawa, da busasshen kifi, domin ƙofofin nan suna zuƙar wari, kuma sai an soya ake ganewa.

Duk wannan na ƙwan ci ne. Na ƙyanƙyasa hukuncinsa dabam: ba a wanke shi, ba a shafa masa mai domin zai toshe wa ɗan tsako numfashi, ba a sa shi a firji domin sanyin ya yi masa yawa, kuma an fi son kada ya wuce mako ɗaya kafin a sa wa kaza. Kazar gida ba ta wuce ƙwai 40 zuwa 60 a shekara, inda ta gidan gona take doshin 300, don haka kowane ƙwai nata yana da daraja, kuma ya kamata tun ranar ɗauka a ware na ci da na kwanci.

Gwajin ruwa da aka saba yi, musamman wajen sayen ƙwan zabi da damina, yana da tushe amma ana ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Sabon ƙwai yana nutsewa ya kwanta, mai 'yan kwanaki ya ɗaga gindi, tsoho ya taso sama, kuma duk girman gurbin iska ne yake jawo haka. Abin da gwajin yake faɗa shi ne yawan ruwan da ƙwai ya rasa. A hunturu ƙwai yana iya miƙewa tsaye alhali lafiyarsa ƙalau, a damina kuma wanda ya fara ruɓa yana iya nutsewa, mai ɗauke da Salmonela kuwa ba ya nuna wata alama ko a ruwa, ko a ido, ko a hanci. Sannan wanda aka tsoma a ruwa ya riga ya jiƙe, bai kamata a mayar da shi ajiya ba. Haska ƙwai da tocilar waya a cikin duhu ya fi, domin ba ya jiƙa shi, kuma yana nuna girman gurbin iska, da tsagi, da zoben jini. Abin da ya fi duka sauƙi shi ne a fasa kowane ƙwai shi kaɗai a ɗan kofi kafin a juye cikin sauran, yadda baragurbi ɗaya ba zai ja a zubar da kwaɓin da aka riga aka sa wa fulawa da sukari ba.

Ƙwan zabi yana da ɓawo mai kauri da tauri fiye da na kaza, shi ya sa yake jure tafiya da ajiya, amma matsalarsa ita ce sau da yawa a daji ake tsinto shi, inda zabi da yawa suke zuba a gurbi ɗaya, na jiya da na mako biyu a haɗe. Kuma da shi da na kaza, da zarar an dafa, lissafi ya juya. Mutane suna zaton dafaffen ƙwai ya fi ɗanye daɗewa, alhali tafasa ta wanke rigar, ta kuma kashe sinadaran kariya da ke cikin farin. Ƙa'idar masana lafiyar abinci ita ce kada dafaffen ƙwai ya wuce awa biyu a waje, in zafi ya haura digiri 32 ma awa ɗaya, a firji kuma mako ɗaya. Idan aka auna wannan da tiren dafaffen ƙwai da yake yini a rana a tasha, wani lokaci har a kwana da ragowar a sake fitowa da ita, za a ga inda haɗarin ya fi yawa. Koren zoben da yake fitowa a gefen gwaiduwar da ta daɗe a wuta ba shi ne abin tsoro ba, alamar dahuwa ce da ta yi yawa kawai.

Tun da cuta tana iya zama a cikin ƙwai mai kyan gani, dahuwa ce katanga ta ƙarshe, kuma ana so fari da gwaiduwa duka su daskare. Al'adar kaɗa ɗanyen ƙwai da madara da lemon malt a bai wa mai jego ko wanda ya tashi daga ciwo don ƙarin jini ta cancanci a sake duba ta, domin waɗanda ake bai wa, wato masu ciki, da ƙananan yara, da tsofaffi, da marasa lafiya, su ne waɗanda Salmonela ta fi yi wa illa, kuma jiki ya fi cin moriyar dafaffen ƙwai a kan ɗanye. Haka kuma kazar da ake bai wa maganin kashe ƙwayoyin cuta, maganin yana fita a ƙwanta, shi ya sa ake rubuta kwanakin jira a jikin takardar magani, wasu magungunan ma ba a yarda a bai wa kaza mai ƙwai ba sam. Idan kuma kaji suka fara mutuwa da yawa ba zato, kamar yadda aka gani a 2006 lokacin da murar tsuntsaye nau'in H5N1 ta fara ɓulla a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka, to ƙwan wannan garke ba na ci ba ne kuma ba na sayarwa ba, sai a nisanta yara da akurkin a kira ma'aikacin lafiyar dabbobi ya zo ya duba.